Idan Ka Canza Waya, Ina Manhajar da Ka Saya Take Zuwa?

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara ashirin yana dillancin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma duk wanda ya san harkar kayan gwari ya san cewa rabin cinikinta a kan bashi yake tafiya. Mota ta sauke kaya da asuba, 'yan sari su ɗiba, a rubuta sunan kowa da adadin buhunan da ya ɗauka, sai yamma ko bayan kwana biyu a kawo kuɗi. Shekaru masu yawa wani littafi mai bangon kwali ne yake riƙe masa wannan lissafi, har daminar da ruwa ya shiga rumfa ya wanke tawadar shafuka da dama, yaransa suka shawo kansa ya koma amfani da wata manhajar lissafi a waya. Kyauta ake sauke manhajar, amma talla ta yi mata yawa, kuma akwai iyakar sunayen da take karɓa sai an biya kuɗi sau ɗaya a buɗe ta gaba ɗaya. Ni na biya masa da katina, ya ƙirgo kuɗin ya ba ni a hannu, ya ce Allah ya sa mun saya a sa'a.

Bayan kamar shekara biyu, babban ɗansa da yake aiki a ƙasar waje ya aiko masa da waya, wata iri daban da wadda yake riƙewa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Agege ya miƙo mini wayoyin biyu, ya ce in kwashe masa komai in zuba a sabuwar. Na nemo manhajar a kantin sauke manhajoji na sabuwar wayar, sunanta ɗaya, tambarinta ɗaya, kamfanin da ya yi ta ɗaya, na sauke, sai ga ta cike da talla tana neman a biya kuɗin buɗewa.

"Ɗana, ba wannan ce muka saya ba?"

"Ita ce, Kawu."

"To, kuɗin me suke nema kuma?"

"Kawu, kantin da kuka saya daban yake da na wannan wayar, kuma wannan bai san da cinikin da kuka yi a can ba."

Ya yi shiru yana juya wayar a hannu, sannan ya ce, "Amma ai mai kayan mutum ɗaya ne. Yanzu in na sayar wa mutum buhu a nan, ya ɗauka ya kai Oyingbo, sai in bi shi in ce ya sake biya don ya canza rumfa?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar, kuma bayan na daɗe ina tunani a kan maganar, na amince cewa gaskiya tana wajensa. Ra'ayina shi ne, wanda ya biya kuɗin manhaja sau ɗaya ya kamata shaidar biyan ta bi shi duk wayar da ya koma da duk kantin da ya shiga, muddin wanda ya yi manhajar yana sayar da ita a can. Inda kuwa ba za a iya hakan ba, to a daina kiran abin saye, a faɗa wa mutum ƙarara tun kafin ya danna cewa izinin amfani ne yake karɓa a cikin kanti guda.

Ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin yawancin masu waya suna ɗauka cewa manhajar da suka biya wa kuɗi a cikin wayar take, ko a cikin layinsu. Abin da yake faruwa shi ne, sa'ad da mutum ya biya, kantin yana rubuta cinikin a ƙarƙashin asusun da aka shiga da shi, na Google idan a Google Play ne, na Apple idan a App Store ne. Duk lokacin da manhajar take son ta tabbatar ko an biya, kantin take tambaya, shi kuma ya duba littafinsa. Saboda haka wanda ya bar Tecno ya koma Samsung, ya shiga da asusunsa na Google na dā, zai tarar da abin da ya saya yana jiransa ba tare da ƙarin ko kwabo ba, haka ma wanda ya bar tsohuwar iPhone ya koma sabuwa. A cikin gida ɗaya tsarin yana aiki lafiya, kuma wannan abin a yaba ne. Amma da zarar mutum ya tsallaka daga Android zuwa iPhone, ko daga iPhone zuwa Android, littafin ba ya bin sa. Tun 2008 da aka buɗe kantunan biyu haka abin yake, App Store a watan Yuli, kantin Android a watan Oktoba, wanda aka mayar da sunansa Google Play a 2012. Kantunan suna karɓar la'ada a kan kowane ciniki, kashi 30 cikin ɗari a asali, daga 2021 kuma kashi 15 ga ƙananan masu yin manhaja. Dillali ne ke nan wanda yake riƙe da kuɗin, yake riƙe da littafin, yake kuma riƙe da ƙofar kasuwa, har sau da yawa mai kayan da kansa bai san sunan wanda ya sayi kayansa ba.

Wataƙila a ƙasashen da mutum yake zama da waya iri ɗaya shekara goma wannan ba wata babbar damuwa ba ce. A Legas waya ba ta daɗewa a hannu ɗaya. Wanda ya taɓa ratsa titin Otigba a Computer Village da ke Ikeja ya ga yadda ake yi: matashi ya zo da wayarsa, a duba fuska da batir, a yi mata kuɗi, ya ba da ciko ya ɗauki wata ta hannu da aka shigo da ita daga waje, bayan wata shida kuɗin haya ya taso ya dawo ya sayar ya koma ƙarama. Wani an zare masa a cunkoson Oshodi, wani ta faɗa ruwa yana kan babur, wani ya tura wa mahaifiyarsa a Arewa ya sayi wata. Ba kasafai mutum yake zaɓen irin wayar da zai koma ba, aljihu ne yake zaɓa masa, ko kuma wanda ya yi masa kyauta. Ga kuma kantunan da masu ƙera wayoyi suke ɗorawa a cikin kayansu, Palm Store a wayoyin Tecno da Infinix da itel, Galaxy Store a Samsung, AppGallery a Huawei. Mutumin da bai iya bambance su ba yana buɗe duk wanda ya fara gani, ya sauke, wani lokaci ya biya, bai san cewa kowane kanti da nasa littafin ba. Tsarin da ya ɗaure ciniki da kanti guda ya fi cutar da wanda ya fi yawan canza waya, kuma wanda ya fi yawan canza waya a garin nan shi ne mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai kuma laifin da yake namu, wanda ba zan ɗora wa kowane kamfani ba. Mutanenmu da yawa, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, ba su ne suka buɗe asusun da yake kan wayarsu ba. Ranar da aka sayi wayar, yaron shago ne ya buɗe imel cikin minti biyu, ya haɗa sunan mai wayar da wasu lambobi, ya zaɓi kalmar sirri daga kansa, ya miƙa waya aka yi sallama. Ranar da wayar ta ɓace ko aka yi mata filashin, babu wanda ya tuna imel ɗin balle kalmar sirrin, sai a buɗe sabon asusu, duk abin da aka saya a tsohon ya tafi ke nan. Na ga dattijon da yake da asusu huɗu a cikin shekara biyar, bai san sunan ko ɗaya ba. Masu sayar da waya da masu gyara za su sauke nauyi babba idan suka riƙa rubuta wa mutum imel ɗinsa a takarda, suka sa shi ya zaɓi kalmar sirrin da kansa, suka kuma haɗa asusun da lambar wayarsa don a iya dawo da shi. Aikin minti biyar ne. Sai dai ko an gyara wannan ɗabi'a gaba ɗaya, matsalar Kawu tana nan, domin shi asusunsa bai ɓace ba, ni ne nake riƙe da bayanansa.

A tuna kuma da irin wahalar da ɗan Najeriya yake sha kafin ya biya kuɗin tun farko. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya saya daga waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsakanin nan mutane sun koma neman katin dala na intanet, ko roƙon wani ɗan'uwa a waje ya biya musu, kafin Google ya fara karɓar katin Verve a 2023. Naira kuma, wadda take wajen 460 a kan dala ɗaya a farashin hukuma kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Manhajar dala biyar da Ba'amurke zai sake saya bai ji a jikinsa ba, a nan kuɗin cefanen gida ne. Wanda ya bi duk wannan hanya ya biya ta halal, a garin da kowa ya san inda ake samun ta sata a kyauta, ya cancanci a riƙe masa amanar rasit ɗinsa.

Hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ta masu yin manhaja ce, kuma ba na raina ta. Suna cewa manhajar Android ba ta aiki a iPhone, ta iPhone ba ta aiki a Android, aiki biyu ne, gwaji biyu, gyara biyu, kuma kowane kanti da kuɗin rajistarsa, dala 99 a kowace shekara a wajen Apple, dala 25 sau ɗaya a wajen Google. Wanda ya yi aiki biyu yana da haƙƙin lada biyu. Akwai matasa a Yaba da suke kwana a gaban kwamfuta suna irin wannan aiki da kuɗin fetur ɗin janareta daga aljihunsu, kuma ba na goyon bayan duk tsarin da zai sa guminsu ya tafi a banza. Amma hujjar tana da iyaka. Manhajoji da yawa a yau sau ɗaya ake rubuta su da kayan aiki irin su Flutter da React Native, sannan a fitar da su ga ɓangarorin biyu. Bayan haka, ina aiki biyu a tsakanin Google Play da Galaxy Store, alhali dukansu a kan Android suke, wani lokaci ma a cikin waya ɗaya? Duk da haka wanda ya saya a ɗaya ba a san shi a ɗayan ba. Wannan ya nuna cewa katangar ta ciniki ce kafin ta zama ta fasaha. Mutumin da ya tara manhajoji na dubban nairori a kanti guda zai yi tunani sau biyu kafin ya bar irin wayar, ko da ya ga wadda ta fi ta kyau da araha, kuma masu kantunan sun san amfanin wannan gare su. Idan ma akwai ƙarin aiki na gaske, ana iya karɓar ɗan kuɗin sauyi, kamar yadda ake ba da ciko a musayar waya, maimakon a mayar da tsohon mai saye baƙo.

Kantunan kuma ba dawwamammu ba ne. Duk wanda ya yi zamani a Legas wajen 2011 ya tuna lokacin da BlackBerry take tashe, ana musayar lambar PIN kamar yadda ake musayar lambar waya. Kantinta ya rufe, kuma a Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa baki ɗaya. Microsoft ya daina kula da wayoyin Windows a ƙarshen 2019, waɗanda suka sayi Lumia suka koma Android hannu rabbana. Amazon ya rufe kantinsa na wayoyin Android a Agustan 2025 bayan shekara 14. Huawei kuma, bayan takunkumin da Amurka ta sa masa a Mayun 2019, sababbin wayoyinsa sun fito babu Google Play a ciki, ta yadda wanda ya bar tsohuwar Huawei ya sayi sabuwa ya tarar ba shi da hanyar hukuma ta isa ga abin da ya biya wa kuɗi, saboda wata rigima tsakanin Washington da Beijing da ba shi da hannu a ciki. A kusan duk waɗannan lokuta masu yin manhajojin suna nan da ransu, suna ci gaba da sayar da kayan a wani kantin. Dillalin ne kawai ya tashi, ya tafi da littafin.

Wanda ya zauna a zauren malam ya ji babin ciniki ya san cewa malamanmu sun daɗe da raba saye da haya. A saye, abin da kansa ne yake zama naka, kana iya sayar da shi, ka kyautar, ka ba da aro, idan ka rasu magada su raba. A haya kuwa amfanin abin ne kawai ka mallaka, zuwa wani lokaci da aka ambata. Dukansu halal ne, sharaɗin shi ne kowa ya san wanne aka ƙulla, shi ya sa aka hana cinikin da yake da garari, wanda Bahaushe yake kira cinikin biri a sama. To, a auna manhaja da wannan ma'auni. Ba ka iya sayar wa wani ita, ba ka iya mayar da ita asusun ɗanka, kuma ko tsarin da Apple ya kawo a 2021 na naɗa wanda zai karɓi bayanan mutum bayan rasuwarsa bai haɗa da fina-finai da littattafai da waƙoƙin da mamacin ya saya ba. Tsarin iyali da kantunan biyu suke da shi ya tsaya a mutum shida, kuma kowane a cikin kantinsa yake aiki, alhali a gidajenmu mutum shida ba su kai rabin masu cin tukunya ɗaya ba. Doguwar yarjejeniyar da ake danna amincewa da ita ta faɗi gaskiya, cewa lasisi aka ba ka, amma cikin Turancin lauyoyi ta faɗa, a wurin da babu mai karantawa, yayin da abin da mutum yake gani a gabansa farashi ne da wurin dannawa. Akan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kawu bai san rariya aka ba shi ba, kuma babu wanda ya yi ƙoƙarin sanar da shi da harshen da yake ji. Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda hedikwatar Apple da ta Google suke, ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ta hana amfani da kalmar saye a kan kayan dijital sai an bayyana wa mutum a fili cewa lasisi ne. Idan a ƙofar gidansu an ga dacewar haka, ban ga dalilin da zai sa mai saye a Mushin ya rasa irin wannan kariya ba.

Masu cewa ba zai yiwu shaidar biya ta bi mutum daga kanti zuwa kanti ba, ina tuna musu da abin da ya faru da layukan waya a ƙasar nan. Daga 2001 da aka fara wayar salula ta GSM har shekara 12, lambar mutum mallakar kamfanin da ya ba shi ce, idan ya gaji da su sai dai ya jefar da lambar da abokan cinikinsa suka sani, shi ya sa mutane suka riƙa yawo da waya biyu da uku. A Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ƙaddamar da tsarin sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba: ka je ofishin kamfanin da kake so da katin shaida, ka tura saƙo zuwa 3232, lambarka ta bi ka. Ba kamfanonin ne suka wayi gari suka ga dama ba, hukuma ce ta sa doka aka kafa cibiya ta tsakiya da take riƙe bayanin wace lamba ce take ina. A fagen kayan dijital ma an yi irin haka. A Amurka tun 2017 akwai tsarin Movies Anywhere, wanda yake ba mutum damar haɗa asusunsa na kantuna daban-daban, fim ɗin da ya saya a wajen Apple ya bayyana a wajen Google ko Amazon. Ƙa'idojin Apple ma sun yarda mai manhaja ya buɗe wa mutum abin da ya saya a wani dandali idan ya shiga da asusunsa na manhajar. Hanyar tana nan, abin da babu shi ne wanda zai wajabta bin ta, domin a yanzu an bar wa kowane mai manhaja ya yi idan ya so.

Wasu za su ce zamani ya riga ya warware matsalar, tunda yawancin manhajoji sun koma biyan wata-wata, kuma wanda yake biyan Netflix ko Spotify yana shiga da asusunsa a kowace irin waya. Haka ne, kuma wannan ma ƙarin shaida ce cewa abin yana yiwuwa idan kuɗin zai ci gaba da shigowa. Amma ba na ganin adalci ne a ce wa mai neman haƙƙin abin da ya saya ya koma haya har abada. Dillalin albasa yana da watannin ciniki da watannin zaman jira, kuma ya fi son ya biya sau ɗaya lokacin da yake da shi ya huta, maimakon a riƙa zarar kuɗi daga asusunsa duk wata ko ya yi ciniki ko bai yi ba.

Sakamakon wannan tsari ana ganinsa a kowace majalisa. Da mutum ya ce manhaja tana neman kuɗi, sai wani ya ce, "Kawo wayarka in tura maka ta Xender, tawa a buɗe take." Abin da ake turawa kwafi ne da wani wanda ba a sani ba ya farke ya cire makullin, kuma babu mai iya rantsewa a kan abin da ya ƙara a ciki kafin ya ɗinke. A wayar da ake turawa akwai manhajar banki, akwai saƙonnin da lambar tabbatar da biya take shigowa ta cikinsu, akwai hotunan iyali. Ba na halatta wannan, cin haƙƙin wanda ya yi aikin ne, kuma haɗarinsa a kan mai wayar yake komawa. Amma na san mutanen da suka fara da biya ta gaskiya, aka nemi su sake biya a karo na biyu, suka ce ba za su ƙara ba. Duk lokacin da aka juya wa mai rasit baya, an ƙara wa masu farke manhaja abokin ciniki ɗaya, kuma asarar a ƙarshe tana kan yaron nan na Yaba, ba ta kan mai kanti.

A 'yan shekarun nan an yi ta fafatawa da kantunan a kotuna da majalisu. Kamfanin Epic Games ya kai Apple da Google ƙara a 2020 bayan an cire wasansa Fortnite daga kantunansu, kuma a Disambar 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a San Francisco suka sami Google da laifin kankane kasuwa. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2021 da ta hana kanti tilasta wa masu manhaja amfani da hanyar biyansa shi kaɗai. Tarayyar Turai ta sa Apple ya buɗe iPhone ga wasu kantuna a ƙasashenta daga Maris ɗin 2024. Duk waɗannan ci gaba ne, sai dai wanda ya duba da kyau zai ga cewa rigimar ta manya ce a kan la'ada da ikon buɗe rumfa, kuma zancen rasit ɗin mai saye bai samu wurin zama a teburin ba. Ƙaruwar kantuna ma, idan ba a haɗa littattafansu ba, ƙaruwar wuraren da ciniki zai maƙale ne.

A nan ne nake ganin Najeriya tana da abin yi. Muna da Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma ta nuna a Yulin 2024 cewa tana iya tunkarar manyan kamfanonin waje lokacin da ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Dokar kare bayanai ta 2023 ta amince da haƙƙin mutum na ɗaukar bayanansa daga wani kamfani zuwa wani, kuma shaidar cewa wane ya biya kuɗin kaza ranar kaza bayani ne a kansa. Gwamnati tana karɓar harajin VAT na kashi 7.5 a kan hidimomin dijital da kamfanonin waje suke sayar mana, wato ta san da cinikin, to ya kamata ta san da mai sayen. Abin da nake so hukumar ta fara da shi mai sauƙi ne, a wajabta wa duk kantin da yake karɓar kuɗin ɗan Najeriya ya rubuta a shafin biya, a taƙaice kuma a fili, cewa wannan ciniki a wannan kanti kaɗai yake aiki, kuma tunda wayoyin Android da yawa suna da Hausa da Yarbanci da Ibo a cikin harsunan da ake zaɓa, babu uzurin barin gargaɗin a Turanci kawai. Daga nan sai a nemi kantunan su riƙa ba mai saye rasit mai lambar da mai manhaja zai iya tantancewa daga ko'ina, a kuma sa sharaɗi cewa kantin da zai rufe sai ya miƙa wa masu manhaja littafinsa kafin ya tafi. Najeriya ita kaɗai tana iya fuskantar jan ƙafa daga kamfanonin, amma kasuwa ce ta mutum fiye da miliyan 200, kuma babu abin da zai hana hukumarmu ta haɗa kai da takwarorinta na Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu su gabatar da buƙata ɗaya.

Game da Kawu, na rubuta wa kamfanin da ya yi manhajar, na haɗa da hoton rasit ɗin farko. Bayan kwana huɗu suka amsa cikin ladabi cewa ba su da hanyar mayar da ciniki daga wancan kanti zuwa wannan, suka dai nuna mini yadda zan fitar da lissafin daga tsohuwar wayar in shigar a sabuwar, wanda ya yi aiki, ko suna ɗaya bai ɓace ba. Kawu ya sake biya, domin a ranar akwai mutum fiye da arba'in da yake bin su bashi kuma motar albasa tana hanya daga Aliero ta jihar Kebbi. Da na gama, ya aiki yaro ya sayo sabon littafi mai bangon kwali, ya sa na rubuta imel ɗinsa da ranar biyan a shafin farko, ya naɗe shi cikin leda ya sa a akwatin rumfa. Tsohuwar wayar kuwa, da manhajar da aka buɗe a cikinta, ya hana a sayar, tana nan a cikin akwatin tare da littafin, kuma duk Juma'a yakan sa a yi mata caji.